Allura ta Biyar

Baba Modi ya ce in ɗaga murfin,
in daina toshe kunne.
"Injin da ka kuka shi ka aiki,
mai shiru shi ka ban tsoro."

Shagonmu a Rijiyar Dorawa
taku huɗu ne, har da benci.
Ranar nan aka kawo mana firinta
daga injin casar shinkafa,
a bayan babur, naɗe da buhu,
tana warin dusa da baƙin mai.

Ya kwance kanta ya ɗora min a tafi.
Bai fi ƙwallon mangwaro ba.
Allurai tara a jere, tsaye,
ɗaya bisa ɗaya,
kowace da naɗin jan waya a gindinta.
Wuta ta shiga naɗin, ya zama maganaɗisu,
ya ingiza allura ta yi tsalle,
ta naushi ƙyallen tawada,
ƙyalle ya naushi takarda,
ɗigo ya zauna.
Kafin ƙiftawa sifirin ya janye ta gida
kamar yaron da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ruga.

Ba ta san harafi ba, in ji Baba,
ba ta taɓa zama gaban malami ba.
Abin da ta sani: yanzu ki buga, yanzu ki tsaya.
Kan yana tafiya daga hagu zuwa dama,
ya dawo, takarda ta ɗan hau sama,
haƙoran gefe na cizon hujojinta.
Na tuna kakana da sungumi a farkon damina:
sara, taki, sara, taki,
mu a baya muna zuba iri muna rufewa da diddige.
Rami ɗaya ba gona ba ne.
Sai ka hau tudu ka waiwaya
ka ga layi.

To me ya same ta?

Mutumin da ya biyo babur ɗin da ƙafa
shi ya amsa, yana haki.
Ladan sunansa, daga fadamar Kware.
Buhu goma sha takwas ya kai,
ya kirga da yatsa, ya kirga da tsakuwa,
rasit ya ce goma.
Fari ya ce goma, ruwan hoda ya ce goma,
rawaya na ƙasa ma goma,
don naushi ɗaya ne ke ratsa duka ukun,
ƙarya ɗaya, shaidu uku.

Baba ya ɗaga rasit ɗin ga hasken ƙofa.
Wani farin zare, siriri,
ya keta kowane harafi ta ciki.
Allura ta biyar ta maƙale.
Ita ke ɗaure wa takwas ɗamara a ƙugu.
Da ta kwanta, ɗamara ta kwance,
takwas ta saki ciki ta zama sifili.

Ba ɓarawo, ba mugu.
Dattin tawada da ƙurar ƙaiƙayi
suka cinye buhu takwas.

Na jiƙa auduga da sifirit,
na goge bakin kan har ya yi haske,
na taɓa ta biyar da tsinken ashana.
Ta motsa. Ta koma. Ta sake motsawa.
Muka mayar, muka kunna janareta,
ƙarar ta cika shagon,
ƙiiii, kamar gyare dubu a rani,
mai shayin ƙetare ya leƙo.

Takwas ta fito da ɗamararta.

Ladan bai iya boko ba,
amma ya bi lambar da ɗan yatsa,
ya ji tudun ɗigon ta bayan takarda.
Ya ninke ta huɗu, ya cusa cikin hula.

Baba ya karɓi kuɗin gyara,
ni na samu goro da baƙin yatsu.
Kwana uku tawadar ba ta fita ba.